Fulawar da Ta Sha Ruwan Alwala

Tun da ɗana ya ɗauko ni daga tsohon gidanmu na cikin gari ya kawo ni wannan sabon gida nasa, rabon da in taka ƙasa tsurarta da tafin ƙafata har na manta. Daga ƙofar gida har bakin ɗakina siminti ne da tayil, ko kaza ba ta da inda za ta yi tono. Ruwa kuwa ga shi can a tanki, ka murɗa famfo ya yi ta zuba, amma ko tsiron ɗaɗɗoya ɗaya babu a gidan. Matarsa, Allah ya yi mata albarka, yarinya ce mai son ado, ta sayo fulawar roba ta jera a falo, duk ƙarshen mako a sauke a wanke a mayar. Ranar da na fara ganin ana wanke fure da sabulu dariya na yi har na ƙware. Ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau 'yar nan, ci gaba da aikinki. Yo ta ina zan fara yi mata bayani? Furen da bai san damina ba bai san rani ba, ba ya yaushi balle ka ji tausayinsa, ni ban ga abin kallo a jikinsa ba.

Kada a ɗauka wai da son fure aka haife ni. Ina! A ƙauyenmu na wajen Babban Mutum ba wanda ke shuka abu don a kalla kawai. Zogale na kwaɗo ne, lalle na ƙafa da hannu, ɗaɗɗoya ta miya ce da korar sauro. Kariya kaɗai na sani tsaye a bakin gona ba a cin ta, ita ma don shaidar iyaka aka kafa ta, kuma kullum ana ja mana kunne kada ruwanta ya taɓa mana ido. Da aka kawo ni Daura aure, gidan da na tarar ma haka yake. Surukina, wanda kowa ke ce wa Malam, yana da zaure da manyan ɗalibai masu ɗaukar karatu bayan la'asar. Surukata kuma, Inna, ita ke riƙe da cikin gida da randunan ruwa da awakinta. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar gidan nan: tarin Malam a bakin ƙofa, ƙarar murfin buta, guga na faɗawa rijiya tim, taɓare biyu suna amsa juna a turmi, Inna na faɗa da awaki kamar suna jin Hausa. Ita Inna tambaya ɗaya gare ta a duniya. Ko me aka shigo da shi sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, me ake yi da shi?" In babu amsa, abin nan ba zai kwana a gidan ba.

Jikin katangarmu ta gabas akwai wani ƙaramin gida, shi ma na Malam ne, ya ba wani Ibo haya, mai shagon kayan gyaran mota, wanda direbobin Kongolam da na Baure ba su da wurin zuwa sai nasa. Matarsa muke kira Madam. Doguwa ce mai murya, in ta yi dariya har zaurenmu ana ji, Hausarta irin ta kasuwa amma ba abin da ke wuce ta. Ta kan katanga muka saba, ina miƙa mata fura tana miƙo mini manja. Tun da suka tare ban taɓa shiga gidan ba sai da ta haihu, na bi Inna barka. Wallahi da na sa ƙafa tsakar gidan nan tsayawa na yi cak, sai da Inna ta zungure ni. Wurin da na sani fayau, inda da can ake ɗaure jaki, matar nan ta cika shi da shuke-shuke a gwangwanaye da fasassun tukwane da tsofaffin tayoyin mota, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba na ci ko ɗaya. Inna ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, sannan ta waiga ta yi tambayarta. Madam ta ce, "Mama, kallo ake yi." Inna ta ce, "Ikon Allah," ta gyara mayafi. Har muka dawo gida tana girgiza kai.

Ni kuwa tun ranar na kamu. Akwai wani tsagaggen turmi da aka kife a gindin katanga, shi ya zama matakalata, da na sami sararin aiki sai in hau in leƙa. A nan na gane ashe fure ma da lokacinsa, kamar gero da wake. Da damina wata 'yar mai yaɗo, 'yar'uwar fasa-ƙaba, ke rufe bakin tayoyin, ba ta buɗewa sai hantsi ya ɗaga, kafin azahar ta rufe abinta. Madam ta ce ƙarfe-goma suke ce mata, na ce ai wannan malalaciya ce, mu da muka gama daka tun da sauran duhu. Da kaka wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ɗorawa ke tashi, warinsu ba daɗi in ka murza, amma in ranar yamma ta faɗa musu sai ka rantse wuta aka hura. In sanyi ya shigo, leɓe ya tsage, ruwan randa ya gagari hannu, a lokacin ne wata mai ƙaya ke hawo katanga ta zubo ta ɓangarenmu, furenta kamar takarda, iska na kaɗo shi cikin shanyar Inna tana tsincewa tana mita. Da bazara kuwa sai na ga abin da ya ba ni kunya da daɗi lokaci guda. Kariyarmu ce ta bakin gona Madam ta sa aka haƙo mata daga daji ta dasa a tsakiyar gida, ba ganye ko ɗaya a jikinta, fure ne kawai ya rufe ta. Na girma ina wuce ta da tulu a ka, ban taɓa tsayawa na dube ta ba sai da baƙuwa ta nuna mini.

Amma akwai guda da Madam ba ta haɗa ta da kowa. A rabin duro take, ganyenta kore shar mai sheƙi, furenta ja wur, faɗinsa ya kai tafin hannu, da wani dogon zare a tsakiya. Kowane fure yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, da yamma ya naɗe, washegari ya faɗi wani ya buɗe. Ta gaya mini uwar shukar na ƙofar ɗakin mahaifiyarta, can ƙasarsu inda ruwa ba ya ɗaukewa, kuma bayan an binne tsohuwar ne ta karyo reshe ta naɗe a jiƙaƙƙen zane ta taho da shi a cinya har Daura. Sunan da take kiran ta da shi bakina bai taɓa iya riƙewa ba. Mu dai fulawar Madam muke cewa.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Mu murna muke, Malam har ƙwalla ya yi. Amma rediyo na ta kawo labarin tashin hankali daga garuruwa na nesa, dangin su Madam kuma suna ta aiko musu su tattaro su koma gida. A unguwarmu ko tsinke ba a ɗaga wa kowa ba, wannan ko gaban wa zan faɗa. Malam ya kira mijin har zaure ya ce masa muddin yana raye ba mai taɓa su. Mutumin ya yi godiya, ya ce shi ya yarda, amma dangi sun matsa, bari ya kai iyali in hankali ya kwanta su dawo. Wata rana da hantsi, ƙarshen damina, sai ga sallamar Madam, goye da yaronta. Mijinta ya turo rabin duron a baro har zaure, maigidana ya karɓa ya shigo da shi ya sauke a gindin katanga, kusa da turmina. Madam ba ta yi dariya ba ranar. Ta durƙusa gaban Malam ta ce, "Baba, sauran duk su mutu, zan samu wasu. Wannan kaɗai ce ba zan samu ba. Mota ta cika. Ku riƙe mini har in dawo." Inna ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Ajiya kike ba mu ko kyauta?" Ta ce ajiya. Ya ce, "To, na karɓi amana. Da ranta kika ba mu, da ranta za ki same ta, in Allah ya yarda." Sannan ya waiwayo gare ni ya ce, "Ke kika san kanta, ke za ki kula." Kai, ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani. Yarinya ce ni a lokacin, ko makullin rumbu ba a taɓa damƙa mini ba.

Ashe shirun da Inna ta yi daga baya da dalili. Ta zagaya duron, ta ja fure ta leƙa cikinsa, ta murza ganye ta ji yauƙi, sai ta yanke hukunci cewa kuɓewar Kudu ce. Da gaskiyarta kuwa, furen sak na kuɓewa ne in ban da launi da girma. Ta ce tunda fure ya kai haka, 'ya'yan za su yi kamar damtse, guda ma ya ishi miyar gidan. Kowace safiya sai ta zo ta duba inda fure ya faɗi. Aka girbe gero, aka yi roron wake, kuɓewar Inna ko ƙwaya. Ranar da ta haƙura ta riƙe ƙugu ta ce, "Amma dai an yi asarar ganye. Wannan ai juya ce." Maigidana ya yi dariya har ya saki loma, ni kuwa ɗaki na shige na toshe baki da zane.

Sanyi bai ba ni wahala sosai ba. Ganye ya ɗan zuba, furen ya ƙanƙance ya koma jefi-jefi, na sa aka kafa mata zana tana tare iska. Bazara ce ta nuna mini iyakata. 'Yan yanzu masu tanki a sama ba su san bazarar wancan lokaci ba. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai da aka ƙara wa igiya tsawo, guga ya dawo rabinsa laka, a jira ta taru a sake zurawa. Inna ta kafa mulki a kan randuna, na sha daban, na girki daban, na awaki daban. Na gwada ba fulawar ruwan wanki, sabulu ya ƙone mata gefen ganye. Na koma rage na wankana ina kai mata, Inna ta gan ni da moɗa a gindin duro ta ce, "Ke 'yar nan, mutane na ƙishi, dabbobi na ƙishi, ke kina shayar da juya? Wallahi ba da ruwan randata ba." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ganye ya langaɓe, toho na kakkaɓewa tun bai buɗe ba. Na zauna bayan ɗaki na yi kuka, ina tunanin da wane ido zan dubi Madam, da wane ido kuma zan dubi Malam da ya ce ni zan kula.

Malam bai yi wa kowa faɗa ba, ba halinsa ba ne. Da aka kira azahar sai muka ga ya fito da butarsa, ya wuce dutsen da yake alwala a kai tun kafin a haifi maigidana, ya jawo 'yar kujera har gindin duro. Ya miƙa hannuwa bisa ƙasar duron ya fara alwala, ruwan fuska da na gemu da na damtse duk na gangarawa ciki, na ƙafa kuma ya tara a tasa ya juye. Da ya gama ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wannan ruwa dai an gama ibada da shi, ƙasa ce za ta shanye. To gara ta nan." Inna ta yi ƙwafa ta koma kan randunanta. Da la'asar maigidana ya bi sahu. Kafin a ce haka gidan gaba ɗaya a nan ake alwala, maza da mata, har ɗaliban zaure aka ajiye wa tasa ana shigowa da ita. Salla biyar, ban-ruwa biyar, kuma ba a ƙara ko moɗa ɗaya a kan abin da gida ke sha da ma ba. Yanzu fa? Mutum ya shige bayan gida ya saki famfo, ruwan alwalarsa ya bi bututu ya tafi inda shi kansa bai sani ba. Mu a idonmu ganye ya miƙe. Inna kaɗai ta ƙi, tana can kan tsohon dutse, wai ita ba za ta yi layi a gaban ciyawa ba.

A tsakiyar wannan zafi fulawar Madam kaɗai ce kore a gidan, kuma ba mu kaɗai muka lura ba. Inna na da wata jar akuya, uwar garke, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta. Wata Juma'a maza sun tafi masallaci, mu kuma zafi ya kora mu ɗaka, akuyar nan ta tsinke igiya. Da na fito na tarar da ita ƙafafun gaba a kan duro, tana tauna reshe na ƙarshe, har ɓawon jikin ta ɗaye. Salatin da na saka shi ya fito da kowa. Abin da ya rage 'yar sanda ce guda, duk tabon haƙori. Wayyo, ji na yi kamar an yi mini mutuwa. Malam ya dawo ya tsaya a kanta ya daɗe, ya yi innalillahi, ya shige zaure. Abincin da aka kai masa haka aka fito da shi.

To, a nan ne na san wace ce Inna. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta iya ba. Da rana ta yi sanyi ta fito da wuƙarta, ta ture ni ta ce, "Matsa mini, kukanki ba abin da zai yi mata." Ta yanke inda akuya ta tattauna ta daidaita bakin, ta kwaɓa kashin shanu da jar ƙasa ta shafe raunin, ta naɗe da tsumma, yadda ta ga ubanta na yi wa mangwaro a lambunsu. Ta sa aka saro ƙayar magarya, ta kewaye duron da hannunta har ƙaya ta tsaga mata yatsa. Na ce, "Inna, ai kin ce juya ce." Ta harare ni ta ce, "Juya ce mana. Amma akuyata ce ta ci amanar mutane, a cikin gidana. So kike matar nan ta je garinsu ta ce Daurawa sun kasa riƙe mata ciyawa?" Washegari ta sa aka ja jar akuyar aka kai ƙauye kiwo, ba ta sake kwana a gidan ba. Da aka kira salla kuma, ba wanda ya ce mata, ta ɗauko butarta ta zo gindin ƙaya ta tsuguna. Duk muka yi kamar ba mu gani ba.

Sandar nan ta daɗe shiru. Kullum da safe sai in kankare ɗan wuri da farce in ga ko da sauran kore a ciki, Inna na kwaɓa ta wai zan ƙarasa ta. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Sai ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, manoma suka fito da iri. Ba a jima ba Inna da kanta ta ƙwala mini kira daga gindin duro, irin kiran da na zaci gobara ce. Wasu 'yan idanu ne kore suka fasa ta gefen tsumma, ƙanana kamar ƙwayar gero. Kafin a gama noman farko sun zama ganye, kafin gero ya fid da kai ta yi rassa fiye da na da. Ranar da fure na farko ya buɗe Malam ya sa aka toya waina aka yi sadaka. Inna ta tsaya ta dube shi ta ce, "Ba laifi." Wanda ya san Inna ya san ta gama yabo ke nan.

Damina ta wuce, wani sanyi, wata bazarar, Madam shiru. Lokacin ba wannan wayar ta hannu, in mutum ya yi nisa sai dai addu'a. Wasu suka fara zuwa neman hayar gidan, Malam ya ce da masu shi. Fulawa kuwa ta wuce tsayin maigidana. Matan unguwa na shigowa da sunan gaisuwa su tsaya kallo, wasu su roƙi fure ɗaya, Malam ya ce wanda ya faɗi ƙasa a ɗauka, na jiki kuwa ba namu ba ne balle mu bayar. Ni kaina na aika ta bakin maigida ko za a bar ni in karyi reshe in dasa nawa, ya ce in mai ita ta zo in roƙe ta.

Wata kaka ta zagayo, muna sussukar gero, sai na ji wata murya a zaure da ba ta kama da ta kowa. Na saki taɓarya. Madam ce, ta ɗan rame, yaron da ta tafi da shi a baya yana tafe da ƙafarsa. Muka rungume juna muna kuka muna dariya. Sai ta hango jan furen ta saman kafaɗata, ta sake ni. Ta taka a hankali har gindin, ta kama ganye ɗaya, ta yi ta magana da yarensu hawaye na zuba. Da ta natsu ta gaya mana ta tarar 'yan'uwanta sun rushe ɗakin uwarsu sun yi ginin zamani, uwar shukar an sare ta tuni. Tun a mota, in ji ta, take shirya abin da za ta ce mana don kada mu ji kunya, don ta tabbata ba za ta same ta da rai ba. Sannan ta ce, "Me kuka ba ta haka?" Sai a lokacin ya faɗo mini cewa ba mu taɓa tunanin ko Kirista za ta so a shayar da shukar uwarta da ruwan sallarmu ba. Na dubi Inna, Inna ta dubi sama. Na daure na ce, "Ruwan alwala ne, Madam. Shi kaɗai muke da shi." Sai dariyar nan tata da muka yi kewa ta fashe. Ta ce, "Mama, ashe musuluntar mini da ita kuka yi!" Inna ta ce, "Mu dai ruwa muka ba ta, ba mu tambaye ta addininta ba."

Malam ya shigo aka gaisa, ya ce alhamdulillahi, yau zai sauke nauyi. Ya sa maigidana da ƙaninsa su ɗauki duro su kai mata gida. Suka kama suka yi nishi, duro ko gezau. Aka tone gefe aka leƙa. Ashe ruwan da yake sha kullum ya cinye gindin, tsatsa ta huda shi, saiwoyi masu kaurin babban yatsa sun bi ta hujin sun nutse cikin ƙasar gidanmu. Inna ta tsuguna ta taɓa, ta ce in aka sare waɗannan, ga rani na tafe, ko ita ba ta da dabarar da za ta tashe ta. Madam ta ce, "A bar ta, Baba, ta zama taku." Malam ya girgiza kai ya ce, "Da bakina na tambaye ki, kika ce ajiya. Yanzu don kin ga ba yadda za ki yi ne kike cewa kyauta. Ba zan karɓa ba." Muka tsaya cirko-cirko. In an tone ta za ta mutu, in an bar ta kuma amana ba ta koma ba.

Malam ya daɗe yana shafa gemu yana duban katanga. Sannan ya ce a kira masa mutum biyu daga manyan ɗalibansa, mu mata muka ja mayafi. Da suka shigo ya ɗauki sandarsa ya ja layi a ƙasa, ya kewaye duron har ya haɗe da jikin katangar gidan Madam. Ya ce, "Ku shaida. Tunda shukar ba ta iya zuwa wurin mai ita, ƙasar da ke cikin layin nan na ba baiwar Allah nan halak malak, ita da 'ya'yanta. Gobe a kira magini ya fasa ƙofa a nan, ta riƙa shigowa wurinta ba sai ta nemi izinin kowa ba." Ya dubi Madam ya ce, "Kin karɓi kayanki?" Matar nan mai murya, ranar da ka ta amsa. Ni kuwa ina tsaye bayan Inna ina ji kamar na ƙara tsawo. Na sha ganin alheri a rayuwata, amma ban taɓa alfahari da gidan da aka kai ni aure kamar ranar ba.

Ƙofar nan ta yi shekaru tana aiki. Ranar Lahadi da safe Madam kan shigo ta tsinki furenta ta tafi da shi cocinsu, mu kuma muna nan muna alwala a gindin, da izininta wannan karon. Ta ba ni reshe na dasa, daga nawa kuma rabin unguwa suka samu. Daga baya ita da mijin suka koma ƙasarsu gaba ɗaya. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Malam ma ya bi ta, Allah ya jiƙan su. Da aka zo rabon gado masu awo suka shigo da igiyarsu, suna ja tun daga zaure suna kafa alama, magada na biye. Da suka iso gindin fulawa maigidana ya ce su dakata, nan ba ya cikin gado. Babbansu ya ce, "Kamar yaya? Wuri a cikin gidan mamaci?" Maigidana ya ce na wata mata Ibo ne, kuma shaidu biyu suna raye, ga su can a zaure. Aka kira su suka faɗi abin da suka ji da kunnensu. Mai awo ya dubi fulawar, ya dubi abokin aikinsa, sannan ya ɗaga igiyarsa ya zagaya da ita ta wajen layin.